Ɗamarar itatuwa ta birnin Yamai

1. Gari da iska

Yamai ita ce babban birnin ƙasar Nijar. Tana bakin kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara. Kogin ya raba garin biyu. Gefen hagu ana ce masa Hausa, gefen dama kuwa Gurma. Tsohon gari da manyan kasuwanni suna gefen Hausa.

Ƙasar Yamai ƙasa ce mai zafi. Cikin watan Afrilu da na Mayu zafin rana yakan wuce awo 40. Lokacin ɗari kuma iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙura da rairayi. Ƙurar tana shiga ɗakuna, tana rufe abinci, tana sa mutane tari da ciwon ido. In damana ta kusa, hadari yakan taso daga gabas da iska mai ƙarfi. Wannan iskar tana kwashe jinkar bukka, tana yaye kwanon rufi.

Manomi ya san maganin iska tun kaka da kakanni. Yana yi wa gidansa darni, yana barin itatuwa cikin gonarsa. To, gari fa? Shi ma yana bukatar darninsa. Amma darnin kara ba ya isar gari. Sai dai darnin itatuwa.

2. Yadda aka dasa ɗamarar

A shekara ta 1965, zamanin shugaba Jori Hamani, gwamnati ta soma dasa itatuwa a bayan garin Yamai. An shirya a yi dogon kurmi wanda zai kewaye garin ta arewa da gabas, wato ta inda iska ke fitowa. Tsawonsa kilomita 25, faɗinsa kilomita 1. In an lissafa, ya kama hekta 2,500.

Da yake kurmin ya zagaye garin kamar yadda ɗamara ke zagaye ƙugu, sai aka raɗa masa suna da faransanci ceinture verte, ma'ana koriyar ɗamara. A cikin wannan darasi za a kira shi ɗamarar itatuwa.

Ba a rana ɗaya aka gama aikin ba. An yi ta dashe shekara da shekaru, har zuwa farkon shekarun 1990. Gwamnati ta sa kuɗinta, ƙungiyoyin duniya kuma sun taimaka. Ma'aikatan gandun daji suna renon ƴan itatuwa a lambu. In ruwa ya zauna, lebura su gina ramu bisa layi, su dasa. Bayan haka sai tsaro, don kada awaki su cinye dashen.

Yawancin abin da aka dasa dogon yaro ne. Asalin wannan icce daga ƙasar Indiya yake. An zaɓe shi don dalilai uku. Na farko, yana girma da sauri. Na biyu, yana jure fari, domin saiwarsa tana nitsawa ƙasa ƙwarai. Na uku, ba ya zama tsirara da rani kamar wasu itatuwa, saboda haka yana ba da inuwa lokacin da aka fi bukatarta.

A shekarun nan ne kuma babban fari ya faɗa wa ƙasashen Sahel, a 1973 da 1974, sa'an nan a 1984. Mutane sun ga yadda daji ke mutuwa. Daga shekara ta 1975, zamanin shugaba Saini Kunce, aka haɗa bukin samun ƴancin kai na ran 3 ga watan Agusta da dashen itatuwa. A shekara ta 1984 aka yi babban taro a Maraɗi bisa yaƙi da hamada. Duk wannan ya ƙara wa ɗamarar Yamai daraja a idon jama'a.

3. Amfanin ɗamarar

Icce ɗaya ba ya tare iska. Amma in itatuwa sun jeru da yawa, iska tana rage gudu in ta shiga tsakaninsu. Da ta rage gudu, sai ƙurar da ta ɗauko ta zube. Masana sun auna, sun ga layin itatuwa yana kare fili mai nisan da ya kai tsawon itatuwan sau goma. An ga haka a kwarin Majiya, cikin jihar Tawa. Can ma an dasa layukan dogon yaro tun daga shekara ta 1975, kuma hatsin gonakin da ke bayan layukan ya ƙaru.

Icce yana sanyaya wuri ta hanya biyu. Yana tare hasken rana da ganyensa. Kuma yana jawo ruwa daga ƙasa, ya fitar da shi ta ganye kamar gumi. Randar ƙasa ma haka take sanyaya ruwa. Shi ya sa wanda ya fito daga cikin gari da tsakar rana ya shiga kurmi yakan ji bambanci nan take.

Icce yana riƙe ƙasa. In ruwan sama ya faɗi bisa ganye, ƙarfinsa yana raguwa kafin ya taɓa ƙasa. Saiwoyi suna buɗe masa hanya ya nitse, ya tarad da ruwan rijiyoyi. Inda babu icce, ruwa yana gudu bisa ƙasa, yana gina kwazazzabai.

Ban da wannan, ɗamarar wurin hutawa ce. Yara suna wasa a ciki. Ɗalibai suna bitar karatu a inuwa. Makiyaya suna tsayawa da bisashensu kafin su shiga kasuwa. Tsuntsaye suna yin sheƙa.

4. Gari ya girma

Lokacin da aka soma dashen, ɗamarar tana nesa da gidaje. Tsakaninta da gari gonakin hatsi ne. Amma Yamai ba ta tsaya inda take ba.

A shekara ta 1926 aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram aka maido shi Yamai. A lokacin ƴan ƙauyuka ne a bakin kogi. A shekara ta 1960 mutanen garin kimanin 30,000 ne. A ƙidayar 1988 sun kusa 400,000. A ƙidayar 2012 sun wuce miliyan ɗaya.

Me ya kawo wannan? Haihuwa ta yi yawa. Ma'aikatun gwamnati da manyan makarantu da babbar asibiti suna Yamai. Fari kuma ya koro mutanen karkara, sun zo neman abinci, da yawa ba su koma ba. Kowane magidanci yana son inda zai aje iyalinsa. A Yamai kuwa ba a cika gina benaye masu hawa da yawa ba. Kowa yana son gidansa a ƙasa, da tsakar gida. Saboda haka garin ya yi ta faɗi. Ya cinye gonakin da ke kewaye da shi, ya iso bakin ɗamarar, ya tsallake ta. Sababbin unguwanni suka tashi a bayanta. Ɗamarar da aka dasa a bayan gari ta koma cikin gari.

Fili a cikin gari kuɗi ne. Wanda ya dubi kurmin da can, itatuwa yake gani. Yanzu wani in ya dube shi, filayen gini yake gani.

5. Gonakin wa?

Akwai wata matsala da ta kwanta tun farko. Wurin da aka dasa itatuwan ba dajin Allah ba ne. Gonaki ne na mutanen tsofaffin garuruwan da ke kewaye da Yamai, waɗanda suka gada daga iyayensu. Gwamnati ta dasa itatuwa a ciki, amma ba a gama maganar diyya da masu gonakin ba. Sai ya zama itatuwa na gwamnati ne, ƙasa kuwa masu ita suna cewa tasu ce.

Da fili ba shi da tsada, maganar ba ta tashi ba. Da ya yi tsada, sai magada suka ce a ba su gadonsu ko a biya su. Wasu suka shiga sayarwa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta wannan tsagar dillalan filaye suka shigo.

Ga yadda abin ke faruwa. A zo a auna wuri, a yanka shi gida gida, a kafa turakun siminti a kusurwoyi. Wanda ya saya ya kawo yashi da bulo. Itatuwan da ke cikin filin sun zame masa cikas. In yana tsoron ma'aikatan gandun daji, ba ya sare su da rana. Sai a ɓare ɓawon icce a kewaye, ko a hura wuta a gindinsa. Bayan ƴan watanni iccen ya bushe, a ce ya mutu da kansa. Daga nan a tada katanga.

Ba gidaje kaɗai suka ci ɗamarar ba. An gina gidajen sayar da mai da shaguna da garejin gyaran mota. An fitar da hanyoyi. Hukuma ita ma ta gina wasu ma'aikatu da makarantu a ciki. Masu neman itacen wuta suna sassabe rassa da dare. Masu amalanke suna juye sharar gari a gindin itatuwa. Haka ɗamarar ta yi ta tsinkewa, nan giɓi, can giɓi, har babban rabo nata ya tafi.

6. Kukan mazauna unguwanni

Mutanen da ke zaune kusa da ɗamarar su ne suka fara ganin abin da aka rasa. Sun yi ta kai kuka wurin masu unguwa da ma'aikatar magajin gari. Ƙungiyoyin kare muhalli da ƴan jarida su ma sun yi ta magana a rediyo da jaridu. Kukan nasu ya kasu kamar haka.

Na ɗaya, zafi. Siminti da kwano da kwalta suna shan rana tun safe, su riƙa sakin zafin da dare. Unguwar da babu itatuwa ba ta hucewa da wuri. Mai kuɗi yana sa na'urar sanyaya ɗaki. Talaka kuwa inuwar icce ce gatansa. Tsofaffi da jarirai su suka fi wahala da bazara.

Na biyu, ƙura. Ta kowane giɓi iska tana wucewa kai tsaye zuwa cikin gidaje.

Na uku, ruwa. Ƙasar da aka rufe da gini ba ta shan ruwa. In an yi ruwa mai yawa, sai ya bi tituna, ya taru a wurare masu kwari, ya jiƙa gindin katangun laka har su faɗi. Inda ruwa ya kwanta kuma, sauro ke haihuwa, zazzaɓin cizon sauro ya ƙaru.

Na huɗu, wurin yara. In an sayar da kowane fili, ina yara za su buga ƙwallo? Sai bisa titi, tsakanin motoci da babura. Ina za a gina makaranta ko ɗakin shan magani in unguwa ta cika? Ina za a yi sallar idi?

Na biyar, ƙazanta. Inda itatuwa suka rage ba mai kula da su, wurin ya koma juji. Baƙar leda tana maƙale a rassa. Awaki suna cin ledar suna mutuwa. In an sa wa shara wuta, hayaƙin yana shiga gidaje, wutar kuma tana ƙona itatuwa.

7. Masu neman wurin zama

Mai shari'a ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin kowa. Waɗanda suka shiga ɗamarar su ma suna da tasu magana.

Mai gona yana cewa gonar kakansa ce, an hana shi amfani da ita shekara da shekaru, ba a ba shi ko dala ba. Ƙaramin ma'aikaci yana cewa ya gaji da biyan kuɗin haya, ya tara ɗan abin da ya tara ya sayi fili, kuma an ba shi takarda. Akwai kuma talakawan da suka kafa bukkoki a ƙarƙashin itatuwa. Su ba su sayi kome ba, ba su da inda za su. In an tashe su daga nan, sai su koma wani gefen.

Duk waɗannan bukatu ne na gaskiya. Mutum ba ya kwana bisa icce kamar tsuntsu. Amma akwai bambanci tsakanin gida da inuwa. Gida na mai shi ne. Inuwar kurmi da iskarsa kuwa na dukan gari ne, har da yaran da ba a haifa ba. Magini yana tada ɗaki cikin wata guda. Dogon yaro kuwa sai ya yi shekaru kafin mutum ya zauna a inuwarsa.

8. Doka

Nijar tana da dokokin kare itatuwa. Cikin watan Yuni na shekara ta 2004 aka yi sabuwar dokar daji. A wannan shekarar kuma gwamnati ta fitar da umarni na kare filayen itatuwa na cikin garuruwa da ɗamarun da ke kewaye da su. Akwai itatuwan da ba a sarewa sai da izini, kamar gawo da kuka da tsamiya da giginya.

An kuma nemi hanyar rage cin itacen wuta. Cikin shekarun 1980 aka yaɗa murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, wanda ba ya cin icce da yawa kamar murhun duwatsu uku. A shekara ta 2011 aka buɗe matatar mai ta Damagaram, iskar gas ta girki ta ƙara samuwa a garuruwa.

Amma doka a takarda ba ta tsaron icce. Sai an san iyakar wuri, an san mai shi, an san wanda zai tsare shi.

9. Abin da karkara ta koya wa birni

Lokacin da itatuwan Yamai ke raguwa, a gonakin jihar Maraɗi da ta Damagaram ƙaruwa suke yi. Da can manomi in zai yi sassabe, yana share gona ƙaf. Daga shekara ta 1983, a ƙasar Maraɗi, wani malamin gona mutumin Ostareliya mai suna Toni Rinodo ya yi aiki da manoma bisa wata dabara mai sauƙi. In kututture ya yi toho, ba a sare tohon duka. Ana zaɓen rassa biyu ko uku masu ƙarfi, a gyara su, a bar su su girma. A ƙasar Matamai da Magarya da Mirya kuma manoma sun yi ta renon gawo a gonakinsu, domin sun san gawo yana zubar da ganye da damana, yana ba gona taki, ƴaƴansa kuma abincin bisashe ne.

Da masana suka duba hotunan da aka ɗauko daga sama cikin shekarun 2000, sun tarad da itatuwa sun dawo bisa kimanin hekta miliyan 5. Sun ƙiyasta yawansu ya kai miliyan 200.

Ba wanda ya sa gadi a waɗannan gonakin. Manomi ya tsare iccen ne don ya san nasa ne, shi zai ci amfaninsa. A ɗamarar Yamai kuwa mai ƙasa bai ga ribar iccen ba, mai unguwa ba a danƙa masa shi ba, ma'aikacin gandun daji kuma ba ya iya kwana a gindin kowane icce. Icce yana rayuwa inda yake da mai kishinsa.

10. Sauran garuruwa

Ba Yamai kaɗai ke girma ba. Maraɗi da Damagaram da Tawa su ma suna cin gonakin da ke bayansu. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Garin da ke son ya tsira da itatuwansa yana da abubuwan yi. Kafin a keɓe fili don jama'a, a zauna da masu gonaki a biya su haƙƙinsu. A kafa iyaka wadda kowa ke gani, a rubuta ta. In za a yanka sabuwar unguwa, a fara fitar da filin makaranta da na wasa da na itatuwa, kuma kada a sayar da su daga baya. A danƙa wa kowace unguwa itatuwanta, ta tsare su, ta amfana da su. Kowane gida ya dasa icce a ƙofarsa.

Ƴan makaranta su ma suna da nasu rabo. Dashe ba shi da wuya, reno ne aiki. Ɗan icce yana son ruwa da rani biyu na farko, yana son kariya daga awaki. Ajin da ya dasa icce goma ya rene su har suka girma ya fi wanda ya dasa ɗari ya manta da su.

Ma'anar kalmomi

Ɗamara: abin da ake ɗaurewa a ƙugu.
Darni: shingen kara da ake kewaye gida da shi.
Kurmi: wuri mai itatuwa da yawa kusa da juna.
Hekta: awon fili. Murabba'i ne mai mita 100 kowane gefe.
Diyya: abin da ake biyan mutum a madadin abin da aka karɓe masa.
Muhalli: ƙasa da ruwa da iska da tsirrai da ke kewaye da mutum.
Giɓi: wurin da abu ya ɓalle ya bar sarari.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka soma dasa ɗamarar Yamai? Don me aka sa ta arewa da gabas da garin?
2. Ku faɗi dalilai uku da suka sa aka zaɓi dogon yaro.
3. Ta yaya icce ke sanyaya wuri?
4. Wace matsala ce aka bari ba a gama ba lokacin dashen?
5. Ku kawo abubuwa biyar da mazauna unguwanni ke kuka da su.
6. Me ya sa itatuwa suka ƙaru a gonakin Maraɗi da Damagaram?

Lissafi

1. Hekta ɗaya murabba'in mita nawa ce?
2. A ce an dasa itatuwa bisa layi, mita 5 tsakanin icce da icce, mita 5 tsakanin layi da layi. Itatuwa nawa za su shiga hekta ɗaya?
3. An yanka hekta ɗaya. An bar kashi ɗaya cikin huɗu don hanyoyi. Kowane filin gida mita 20 ne tsawo, mita 15 faɗi. Gidaje nawa aka samu?

Aiki

Ku tambayi wani tsoho ko wata tsohuwa a unguwarku inda gari ya tsaya lokacin ƙuruciyarsu, da irin itatuwan da ke wurin. Ku rubuta sunayen itatuwan da Hausa da faransanci. Sa'an nan ku ƙidaya itatuwan da ke filin makarantarku, ku zana taswirar inda kowane yake.